Daga Ƙawa'idi Zuwa Risala: Tarihin Ƙananan Littattafan da Suka Koya Mana Addini

Kwanakin baya wani matashi daga cikin 'ya'yan wannan ƙungiya tamu ya kawo mini ƙagaggen labarin da ya rubuta don in duba masa kafin ya kai maɗaba'a. Labarin ya yi armashi, Hausarsa kuma ba laifi. Sai dai da na isa babi na shida na tarar ya kashe mijin tauraruwarsa, an yi sadakar arba'in, washegari kuma an ɗaura mata aure da tsohon saurayinta. Na ce masa, "Kai kuwa, ina ka kai takaba?" Ya ce ai shi a zatonsa da an yi arba'in shi ke nan. Na ce masa wata huɗu ne da kwana goma ga wadda ba ta da ciki, kuma ga shi nan ɓaro-ɓaro a babin idda na Risala. Sai ya dube ni da zuciya ɗaya ya ce, "Malam, Risalar wa?"

Ban yi masa dariya ba, don ba abin dariya ba ne. Yaron nan yana salla, yana azumi, ya yi Islamiyya, kuma ya haddace hadisan da ni ban haddace ba. Abin da tambayarsa ta nuna mini shi ne, hanyar da iyayenmu da kakanninmu suka bi suka san addininsu ta fara ɓace wa wasu daga cikinmu, har sunayen matakanta ma sun zama baƙi. Wannan ne ya sa na ga ya dace in ɗan tsakuro tarihin wannan hanya. Tun da wuri ina gaya wa mai karatu cewa ni ba malamin fiƙihu ba ne, malamin makarantar sakandare ne, saboda haka ba fatawa na zo bayarwa ba. Tarihi na zo da shi, kuma tarihi ne da ya shafe mu kai tsaye, domin tarihin marubuta ne da waɗanda suka yi wa rubutu.

Abin da ake son mai koyo ya sani

Malamai da yawa in za su gabatar da addini ga mai fara koyo, sukan koma ga hadisin nan da aka fi sani da Hadisin Jibrilu, wanda Sayyidina Umar (R.A.) ya ruwaito. Imam Muslim ya kawo shi a farkon Sahihinsa, kuma shi ne hadisi na biyu a cikin Arba'una ta Imam Nawawi. A cikinsa Mala'ika Jibrilu ya zo majalisin Manzon Allah (S.A.W.) a siffar wani baƙo, ya yi tambayoyi a gaban Sahabbai don su ji amsa su ƙaru. Amsoshin suka kasa addini gida uku. Akwai Musulunci, watau ayyukan da ake gani, su ne shika-shikai biyar: kalmar shahada, salla, zakka, azumin watan Ramalana, da aikin hajji ga wanda ya sami iko. Akwai imani, watau abin da zuciya ke ƙudurcewa, shi kuma abu shida ne: yarda da Allah, da mala'ikunsa, da littattafansa, da manzanninsa, da ranar lahira, da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi. Sa'an nan akwai ihsani, watau kyautata ibada da sakankancewa cewa Allah na ganin bawansa a kowane hali. Daga baya malamai suka mai da kowane gida fanni mai zaman kansa: fiƙihu ya ɗauki na farko, tauhidi ya ɗauki na biyu, sufanci ya ɗauki na uku.

Su kansu shika-shikan ba rana ɗaya suka sauka ba. Shekara goma sha uku Annabi (S.A.W.) ya yi a Makka, mafi yawan kiransa a kan kaɗaita Allah da tashin ƙiyama. An farlanta salloli biyar a daren Isra'i da Mi'iraji, kafin hijira. An yi hijira zuwa Madina a shekarar 622 Miladiyya, a shekara ta biyu bayanta aka juya alƙibla daga Baitil Muƙaddas zuwa Ka'aba, aka kuma farlanta azumi. A Madina ne aka tsara zakka da nisabinta. Hajjin Ban-kwana kuwa sai a shekara ta goma, watau 632, 'yan watanni kafin wafati. Ashe ke nan Sahabbai ma hawa-hawa suka karɓi abin. Duk littattafan da zan ambata a gaba, wannan hawa-hawan suka kwaikwaya.

Liman da ladan sun riga littafi

Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda fassararsa ta Hausa ke cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya ce a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) ne Wangarawa suka zo daga Mali, su wajen arba'in, shugabansu Abdurrahman Zaite. Wani rubutu na daban game da asalin Wangarawa, wanda aka yi a ƙarni na 17, ya kai zuwan nasu zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Ko wanne aka ɗauka, abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da labarin ya ce an fara yi. An umurci sarki ya yi salla, ya yi. An naɗa Gurdumus liman, Lawal ladan, Auta mai yanka, Zaite kuma alƙali. An gina masallaci a gindin bishiyar da ake yi wa tsafi. Har labarin ya kawo yadda masu adawa da salla suka riƙa zuwa da dare suna ƙazantar da masallacin.

Dubi jerin nan da kyau, ya mai karatu. Kira, da salla, da yanka, da shari'a. Aiki aka fara nunawa, mutane suka gani suka kwaikwaya. Sai a zamanin Sarki Yakubu (1452 zuwa 1463) littafin ya ce Fulani suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da na sarfu, ya ce kafin nan abin da malamai ke da shi, ban da Alƙur'ani, shi ne fiƙihu da hadisi. Wajen 1492 kuma Shehu Magili ya iso Kano daga arewacin Afirka. Da yake duk waɗannan hanyoyi daga arewa da yammacin Afirka suka ɓullo, inda mazhabar Imam Malik ɗan Anas na Madina (ya rasu 795) ta riga ta kafu, shi ya sa ƙasar Hausa ta tashi a kan Malikiyya. Don haka duk mai son sanin asalin littattafan zaurukanmu, tilas ya tsallaka Sahara.

Littafin da aka yi wa yara

Ƙairawan birni ne a ƙasar Tunisiya ta yau, wanda Uƙba ɗan Nafi'u ya kafa a shekarar 670. A nan Imam Sahnun (ya rasu 854) ya tsara Mudawwana, uwar littattafan Malikiyya bayan Muwaɗɗa. A nan kuma aka haifi Abu Muhammad Abdullahi ɗan Abi Zaid a shekarar 922, ya rasu a 996. Ya tashi a mawuyacin zamani. Tun 909 daular Faɗimiyya, wadda ke bin tafarkin Shi'a Isma'iliyya, ta karɓe mulkin ƙasar, malaman Malikiyya suka shiga matsi, kuma ba a san inda 'ya'yan talakawa za su dosa ba nan da shekara talatin. A irin wannan yanayi ne wani mai koyar da yara, wanda masu sharhi suka ce shi ne Muhriz ɗan Khalaf na birnin Tunis, ya roƙi Ɗan Abi Zaid ya rubuta masa taƙaitaccen bayani na addini da zai riƙa koya wa yara kamar yadda yake koya musu Alƙur'ani. Amsar wannan roƙo ita ce Risala, kuma ma'anar sunan ke nan, watau wasiƙa.

Ba na ɓoye cewa ina jin daɗi a duk lokacin da na tuna wannan. Littafin da ya yi shekara fiye da dubu ana karantawa daga Maroko har Adamawa, ba sarki ne ya sa a rubuta shi ba, malamin yara ne irina, wanda ya rasa abin da zai ɗora wa ɗalibansa.

Risala ta buɗe da babi ɗaya gajere a kan aƙida, abin da ya wajaba harshe ya furta zuciya ta gaskata. Ba ta shiga doguwar muhawara ba, ta dai jera abin da za a yarda da shi ta wuce. Daga nan sai tsarki, salla, jana'iza, azumi, zakka, hajji, layya da yanka, rantsuwa, aure da saki da idda, ciniki, wasiyya, haddi, shari'a da shaidu, rabon gado. Amma ɓangaren da na fi so in jawo hankalin marubuta gare shi shi ne na ƙarshe, inda malamin ya sauko ga ladubban yau da kullum: yanke farce, kaciya, sa tufafi, cin abinci da shan ruwa, sallama da neman izinin shiga gida, hamma, atishawa, mafarki, har da wasan sukuwa. Mutumin da ake yi wa laƙabi da Maliku Ƙarami saboda zurfin iliminsa bai ga ƙasƙanci ba ne ya zauna ya rubuta wa yaro yadda zai yi in hamma ta zo masa. Shi ne fa ya wallafa Nawadir, wadda aka buga a mujalladi goma sha biyar. To, amma je ka kowane zaure ka tambayi wa ya taɓa ganin Nawadir, sa'an nan ka tambayi wa ya san Risala.

Sai dai abin mamaki, littafin da aka yi wa yaran Ƙairawan, da ya iso wurinmu sai ya zama na manya, saboda Larabci ba harshenmu ba ne. Aka wayi gari ana bukatar tsani kafin a kai gare shi. A al'adar makarantun zaure, bayan yaro ya yi nisa a allo ko ya sauke, yakan fara da Ƙawa'idi, ɗan littafi mai 'yan warƙoƙi da ke gabatar da shika-shikan addini da tushen salla. Daga nan sai Ahalari, na Shehu Abdurrahman Al-Akhdari, mutumin yankin Biskra a Aljeriya, wanda ya rayu a ƙarni na 16. Shi ma ba ƙaramin malami ba ne, domin waƙarsa ta ilimin manɗiƙi mai suna Sullam da ta balaga mai suna Jauharul Maknun har yau ana karanta su a manyan makarantu. Ahalari ya fara da gyaran imani da tuba da tsare harshe, ya gargaɗi mutum kada ya aikata abu sai ya san hukuncinsa, sa'an nan ya shiga ruwa da najasa. A nan ɗan Hausa ke fara jin cewa farillan alwala bakwai ne: niyya, wanke fuska, wanke hannaye zuwa gwiwar hannu, shafar kai, wanke ƙafafu zuwa idon sawu, cuɗawa, da jerantawa ba tare da dogon jinkiri ba. A nan kuma yake koyon ƙabli da ba'adi, watau sujadar rafkanuwa: in ka rage sai ka yi kafin sallama, in ka ƙara sai bayanta, in kuwa ragi da ƙari suka haɗu, ƙabli ya rinjaya. A kan wannan babi littafin ya tsaya, bai taɓa zakka ko azumi ba.

Ishmawi, na Abdulbari Al-Ashmawi mutumin Masar, ya maimaita tsarki da salla, ya ƙara Juma'a da jana'iza da azumi. Iziyya, ta Abul Hasan Al-Manufi (ya rasu 1532), shi ma Bamisire, ita ce ke buɗe wa ɗalibi sauran ƙofofin: zakka, hajji, yanka, aure, ciniki da gado. A wannan mataki ne manomi ke jin cewa in hatsinsa ya kai nisabi, cikin dami goma ɗaya ba nasa ba ne in ruwan sama ya shayar da gonar, cikin ashirin kuwa in shi ya yi wahalar ban-ruwa. Makiyayi ya ji cewa tumaki arba'in ana fitar da ɗaya, shanu talatin ana fitar da maraƙi, raƙuma biyar ana fitar da akuya ko tunkiya. Ɗan kasuwa ya ji nisabin zinariya dinari ashirin, na azurfa dirhami ɗari biyu, ana fitar da ɗaya cikin arba'in bayan shekara ta zagayo. Bayan Iziyya sai Risala, sai Askari, watau Irshadus Salik na Ibn Askar mutumin Bagadaza (ya rasu 1332), sa'an nan Muhtasar na Shehu Halilu, wanda ba kowa ke kai wa gare shi ba.

A nawa ganin, wannan jeri ya bar tabo a kanmu har yau. Mafi yawan mutane a Ahalari ko Ishmawi suke tsayawa, noma ko fatauci ko aure ya ɗauke su. Shi ya sa za ka sami dattijo ya ƙware a kan abin da ke warware alwala, ba ka isa ka ja da shi ba, amma in aka zo rabon gado ko sharuɗɗan bashi sai ka ga ana kame-kame. Ba laifin littattafan ba ne, matakin da aka sauka ne.

Yadda ake karatun kuwa sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama a zaure bayan sallar Asuba ko tsakanin Magariba da Lisha. Malam na kan buzu, almajirai sun kewaye shi, kowa da littafinsa da matakinsa. Mai karatu ya ja baƙi, gaɓa ɗaya ko biyu, malam ya mayar da Hausa, ya sake ja, malam ya sake mayarwa. Wanda ke Ahalari yana zaune yana jin karatun mai Risala, don haka kafin ya kai can kunnensa ya riga ya saba. Ba jarrabawa, ba takardar shaida, ba ranar gamawa. Daga wannan fassara ta baki ne Hausa ta sami ɗaruruwan kalmomin da muke amfani da su ba tare da mun tuna baƙi ne ba: farilla, sunna, mustahabbi, makaruhi, niyya, hukunci, dalili, sharaɗi.

Kada a ɗauka wannan tsani sabon abu ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, a littafinsa Ida'un Nusukh inda ya lissafa malamansa, ya faɗi cewa yana ɗan shekara goma sha uku aka bar shi a hannun wansa Shehu Usmanu, kuma cikin abin da ya karanta a wurinsa akwai Ahalari da Ishmawi da Risala. Tun kafin su ma, Ɗan Masani na Katsina (ya rasu 1667) ya yi wa Ishmawi sharhi. A ƙarni na 20 kuma wani Bakatsine mazaunin Makka, Malam Abubakar ɗan Hasan, ya yi wa Askari sharhi mai suna As'halul Madarik, wanda Larabawa kansu ke bugawa suna karantawa. Ba karɓa kawai muka yi ba, mun mayar da biki.

Rigimar tauhidi

Duk abin da na lissafa ya fi karkata ga aiki. Ta fannin aƙida kuwa, littafin da ya mamaye ƙasashenmu shi ne Ummul Barahin na Shehu Muhammadu Sanusi, mutumin Tilimsan a Aljeriya, wanda ya rasu a 1490. Shi ma ƙaramin littafi ne, amma mai nauyi. Ya fara da kasa hukuncin hankali gida uku: wajibi, da mustahili, da ja'izi. Sa'an nan ya jera siffofi ashirin da suka wajaba ga Allah, kamar samuwa, da rashin farko, da wanzuwa, da saɓa wa halitta, da wadatuwa da kai, da kaɗaitaka, da iko, nufi, sani, rayuwa, ji, gani da magana. Ya kawo kishiyoyinsu ashirin da ba su yiwuwa a gare shi, ya kawo abin da ya wajaba ga manzanni na gaskiya da amana da isar da saƙo, kuma kowace magana ya kafa mata hujja ta hankali. Sanusi yana ganin bai kamata baligi ya tsaya ga "haka na ji ana faɗa" a sha'anin imani ba, ya kamata ya san dalili.

Niyya ce mai kyau, amma ga inda ta kai wasu. An sami masu karantar da wannan littafi da Fulatanci, karatun da ake kira kabbe, kuma a ƙarni na 17 Malam Muhammadu Alwali na Bagirmi ya mayar da irin wannan sharhi zuwa Larabci. Sannu a hankali sai aka sami wasu ɗalibai da suka mai da siffofin nan abin gwada mutane. Su tare manomi ko tsohuwa su ce kawo hujjar samuwar Allah, kawo hujjar kaɗaitakarsa. In ya yi inda-inda, sai su ce ai wannan bai musulunta ba tukuna. Duba fa abin da ke bayan wannan hukunci: in mutum ba Musulmi ba ne, ina matsayin aurensa, da yankansa, da gadonsa, da sallar gawarsa? Magana ce da za ta iya fitar da gari guda daga addini a yini ɗaya.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1754 zuwa 1817) ya yi tsayin daka a kan waɗannan mutane, ya rubuta littattafai da dama yana yi musu raddi, ciki har da Hisnul Afham da Nasa'ihul Umma. Hujjarsa a taƙaice ita ce, Annabi (S.A.W.) da Sahabbai sun karɓi Musuluncin Larabawan ƙauye da kalmar shahada, ba su taɓa titsiye kowa da tambayoyin masu ilimin kalam ba. Duk wanda ya furta shahada ya yi aiki da ita, a zahiri Musulmi ne, abin da ke zuciyarsa kuwa na Allah ne. Har malaminsa da yake girmamawa ƙwarai, Malam Jibrilu ɗan Umar, Shehu ya saɓa masa a kan kafirta mutane saboda manyan zunubai. Mu da aka koya wa tarihin Shehu a aji, yaƙe-yaƙe aka fi nuna mana, Tabkin Kwatto da Alkalawa. Ba a cika gaya mana cewa ya shafe shekara talatin kafin hijirar Gudu ta 1804 yana wa'azi da karantarwa, kuma wani babban ɓangare na wannan aiki kare imanin talaka ne daga masu ilimi.

Adalci ya sa in ƙara da cewa tambayar ba ta mutu a nan ba. Bayan an fara jihadi, Shehu Muhammadu El-Kanemi na Borno ya juyo da irin wannan hujja kan mutanen Shehu, yana tambaya da wane dalili ake yaƙar masu salla da azumi don an same su da saɓo ko wata al'ada. Wasiƙun da suka yi musaya suna nan, Muhammadu Bello ya adana su a Infaƙul Maisuri, tare da maganar abokin jayayyarsa. Wannan kaɗai darasi ne ga masu rubuta tarihi.

Shehu bai tsaya ga cewa a ƙyale talaka ba. Tunda ya ce ba a kore shi daga addini don bai san hujjojin malamai ba, sai ya ɗora wa malamai nauyin su kai masa abin da ya wajaba ya sani, da harshen da yake ji. Ya yi wa'azi da Fulatanci da Hausa, ya yi 'yan ƙananan littattafai irin su Usulud Din. A Nurul Albab ya caccaki malaman da ke tara almajirai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata a cikin duhu. Da wani malamin Borno, Mustafa Gwani, ya aiko da waƙa yana sukar yadda mata ke halartar wa'azin Shehu, Malam Abdullahi ne ya mayar da amsa da waƙa, yana nuna cewa barin su cikin jahilci ya fi abin da ake gudu muni. Labarin na cikin Tazyinul Waraƙat.

A nan ne waƙar ajami ta shigo da ƙarfinta. Wanda ba ya iya jan baƙi yana iya riƙe baiti. Matar da ke daka ko kaɗi ba ta da hannun riƙe littafi, amma bakinta da kunnenta ba abin da ya tsare su. Nana Asma'u 'yar Shehu (1793 zuwa 1864) ta fahimci wannan sarai. Ta yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci a kan tauhidi, da tarihin Annabi (S.A.W.), da tsoron lahira, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru. Takan naɗa dattijuwa ta zama jaji, ta ba ta malfa, ita kuma ta riƙa jagorantar matan ƙauyensu zuwa wurin Nana su ɗauki karatu su koma su koyar. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin. Ɗan'uwansu Isan Kware shi ma ya mayar da waƙoƙi da yawa zuwa Hausa. In ana lissafa magabatan marubutan Hausa, waɗannan ne sahun gaba, kuma abin da ya sa su rubutu shi ne ainihin abin da ya sa Ɗan Abi Zaid: akwai wanda ke bukatar sani, littafin da ke akwai kuma ya fi ƙarfinsa.

Zamanin boko ba zan daɗe a kansa ba, don an fi saninsa. Maɗaba'a ta sauƙaƙa abin da a da sai an zauna an kwafa da alƙalamin kara, bugun Misira da bugun Kano suka cika rumfunan Kasuwar Kurmi. A shekarun 1950 hukumar NORLA ta Zariya ta fitar da littattafan addini da Hausar boko, ciki har da Ibada da Hukunci na Malam Haliru Binji, Abubakar Imam kuma ya yi Tarihin Annabi Kammalalle. A 1979 fassarar Alƙur'ani ta Shehu Abubakar Mahmud Gumi ta fito, a shekarun 1980 ta Shehu Nasiru Kabara mai suna Ihsanul Mannan ta biyo baya. Makarantun Islamiyya masu aji da allon bango suka yawaita, wasu suka riƙe Ahalari da Iziyya, wasu suka fi ba da ƙarfi ga littattafan hadisi irin su Arba'una da Bulugul Maram. Wannan sauyi ya zo da nasa muhawarori, waɗanda ba wannan fili ne wurinsu ba. Yanzu kuwa ɗalibaina da yawa a waya suke jin karatu, yau wannan malami gobe wancan, mas'ala daga sama mas'ala daga ƙasa. Suna jin abubuwa da yawa fiye da yadda muka ji muna kamarsu. Abin da na ga sun rasa shi ne jeri, watau sanin me ke zuwa kafin me.

Shi kuwa matashin marubucin nan, na ara masa tsohuwar Risalata mai sharhin Samaruddani, na haɗa shi da wani malami a unguwarsu da zai biya masa babin. Bayan mako uku ya dawo da rubutun. Ya ce ashe ba ɗaurin auren kaɗai ne matsala ba, ko fitowa fili a nemi auren mai takaba bai halatta ba, sai dai a yi shagube. Saboda haka dole ya ƙara babi biyu, ya bar tsohon saurayin yana ta kai-kawo a ƙofar gida wata huɗu da kwana goma, da magana a bakinsa ba halin faɗa.